Kwalejin Da Ba Ta Iya Biyan Ma'aikacin Lafiya Ta Rufe Filin Wasa

A ƙasar Amurka akwai wasu ƙananan kwalejoji na shekara biyu waɗanda ake kira kwalejojin al'umma. 'Ya'yan talakawa ne suka fi cika su, domin kuɗin karatunsu bai kai na jami'a ba, kuma ƙofarsu a buɗe take ga kusan duk wanda ya gama sakandare. Da yawa daga cikinsu suna da ƙungiyoyin wasanni masu karawa da na sauran kwalejoji, akasari a ƙarƙashin wata hukuma ta ƙasa mai suna NJCAA wadda aka kafa a 1938. Ta irin wannan ƙofa ce Jackie Robinson ya bi a Pasadena kafin ya zama baƙar fata na farko a babbar gasar besbol ta zamani a 1947. Har ila yau ta nan ne samari da yawa daga Afirka, har da na Nijeriya, su kan fara neman sa'a da gudu ko ƙwallon kwando.

To, a watan Fabrairu na 2018 hukumar kwalejojin gundumar Maricopa a Jihar Arizona, mai kula da kwalejoji goma a birnin Phoenix da kewaye, ta ba da sanarwar cewa daga ƙarshen wannan kakar za ta daina ƙwallon Amurka, watau wadda ake rungumar ƙwallo a ruga ana bangaje juna. Kwalejoji huɗu abin ya shafa: Phoenix da Mesa da Glendale da Scottsdale. Hujjar hukumar ita ce wannan wasa shi kaɗai yana cin kashi 20 cikin 100 na kasafin wasanni, sa'an nan fiye da rabin kuɗin inshorar 'yan wasa a kansa yake tafiya. Kafin shekarar ta ƙare sai kwalejin Pima ta birnin Tucson ta bi sawu, haka ma Eastern Arizona da Arizona Western, wadda ta kai wasan ƙarshe na ƙasa a 2016 da 2017. Cikin shekara guda wasan ya ƙaura daga ƙananan kwalejojin jihar baki ɗaya.

An yi ta kuka, kuma kukan yana da dalili. Yaron da makinsa bai isa jami'a ta ɗauke shi ba, wannan ƙungiya ita ce tsaninsa. Ya yi shekara biyu yana karatu yana wasa, in ya yi fice babbar jami'a ta ɗauke shi kyauta. Amma duk da haka hukumar Maricopa ba ta yi kuskure ba, kuma ya kamata mai karatu ya duba yadda lissafin yake kafin ya yanke hukunci.

Manyan jami'o'in Amurka suna samun miliyoyin daloli daga gidajen talabijin da kuɗin shiga filin wasa. Ƙaramar kwaleji kuwa ba ta da wannan gata. 'Yan kallonta ba su wuce iyaye da abokai da tsofaffin ɗalibai ba, abin da ake tarawa a bakin ƙofa ko kuɗin motar tafiya wasa ba ya biya. Ƙungiya ɗaya ta kan haura mutum sittin, kowanne da hular kwano da sulken kafaɗa, ga abinci da masauki in an yi tafiya, ga kuma jinyar karaya da buguwar kai. Duk wannan daga aljihun kwaleji yake fita, watau daga harajin gidaje na mutanen gunduma da kuɗin da sauran ɗalibai suke biya. A Arizona abin ya fi tsanani, domin a 2015 majalisar jihar, a zamanin Gwamna Doug Ducey, ta soke tallafin da take ba kwalejojin Maricopa da Pima gaba ɗaya. Saboda haka matar da take aikin shara da rana tana koyon aikin jinya da dare, har da guminta cikin kuɗin hular kwanon nan, alhali ko hanyar filin ba ta sani ba.

Idan kuɗi suka yi ƙaranci, shugaban kwaleji hanya biyu ke gabansa. Ko dai ya rufe ƙungiya a zage shi a jarida, ko kuwa ya bar ta da rai ya riƙa tsuke bakin aljihu ta inda ido ba ya gani. Ta biyun ta fi sauƙi, ita kuma aka fi bi. Ba a taɓa rigunan wasa, ba a taɓa babban mai horarwa, domin su ne ake gani. Inda wuƙar ke sauka shi ne kan mataimaka, waɗanda a wurare da yawa ba cikakkun ma'aikata ba ne, ɗan alawus kawai ake ba su, wasu ma sai sun haɗa da wani aikin kafin su ci abinci. Tana kuma sauka kan ma'aikacin lafiya na wasanni, mutumin da ya kamata ya tsaya a gefen fili da ruwa da ƙanƙara da ma'aunin zafi, wanda ke da ikon ce wa mai horarwa ya isa haka. Sai a bar mutum ɗaya ko biyu da ɗawainiyar dukan ƙungiyoyin kwaleji, maza da mata.

Ranar 1 ga Agusta 2018, watanni shida bayan sanarwar Maricopa, wani yaro ɗan shekara 19 daga Jihar New Jersey ya rasu a kwalejin Garden City ta Jihar Kansas, a ranarsa ta farko ta motsa jiki da ƙungiya. An sa su gudun yadi 50 har sau 36. Bayan an tashi aka same shi a yashe kusa da ɗakin kwanan ɗalibai, zafin jiki ya yi masa yawa, kuma aka yi jinkirin kiran motar asibiti. Wannan kwaleji ita ce ta ci kofin ƙasa a 2016, ba ƙungiyar banza ba ce. Binciken da masu zaman kansu suka yi, wanda ya fito a 2019, bai ce talauci ne ya jawo ba. Rashin shugabanci ya ambata, da rashin ingantaccen shiri na gaggawa. Amma ai shiri ba ya tsayuwa da kansa, sai da mutanen da aka horar aka kuma biya su domin su aiwatar da shi. Likitoci sun daɗe da sanin cewa wanda zafin motsa jiki ya kayar, in aka tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara a cikin rabin sa'a, da wuya ya mutu. A 2020 kwalejin ta amince a biya iyayen yaron dala 500,000.

Wannan ne ya sa ma'aunin da ya dace a auna ƙungiyar kwaleji da shi ba yawan kofuna ba ne. A tambayi mutum nawa ne ke kula da lafiyar yara, ko cikakkun ma'aikata ne, kuma wa ke biyan asibiti in gwiwa ta tsage. Mahaifin da ke Agege ko Sabon Ibadan, wanda aka kawo wa takarda cewa wata kwaleji a Amurka za ta ɗauki ɗansa saboda gudu, wannan tambaya ce ta fi cancanta ya fara yi kafin ya sayar da kadara ya sayi tikitin jirgi.

Inda Maricopa ta cancanci zargi shi ne yadda ta yi abin, domin sanarwa ta faɗo wa masu horarwa da ɗalibai kwatsam, kuma samarin da suka fi jin jiki su ne waɗanda ba su da wata ƙofa. Amma babban laifin yana wuyan 'yan majalisar jihar, waɗanda suka janye tallafi a 2015 suka bar shugabannin kwalejoji da zaɓe tsakanin malamin aji da mai horar da ƙwallo. A 2019 wasu masu horarwa suka kafa ƙungiyoyi masu zaman kansu a yankin Phoenix domin yaran su ci gaba da wasa, a waje da kasafin kwalejojin gundumar.