Kafin Ka Ce Babba Zai Ci

A gidajen kallo na Garwa da Marwa, da zarar an haɗa ɗan damben boko da wanda ya fi shi nauyi, sai a yanke hukunci tun kafin a shiga fili: babba ne zai ci. Wannan rabin gaskiya ce. Abin tambaya shi ne, da me ƙaramin yake cin wasa a ajinsa? Wanda ya dogara da ƙarfin naushi, in ya hau aji na sama, manya sukan shanye dukansa su ci gaba da matsowa. Wanda jarinsa ƙafa ce da ido da iya lissafi, da kayansa duka yake hawa.

Canelo Alvarez ya ɗanɗana duka biyun. A watan Mayun 2022 ya hau ajin kilo 79, naushinsa bai girgiza Dmitry Bivol ba, ya sha kaye da maki. A Satumban 2025 kuma Terence Crawford ya tsallako aji biyu ya sami Canelo a kilo 76 a Las Vegas, ya riƙa sauya tsayuwa yana kaucewa, alƙalai uku duka suka ba shi. Namu na gida ma darasi ne. Hassan N'Dam, haifaffen Kamaru, gwanin ƙafa ne, amma tun a kilo 72 Peter Quillin ya kai shi ƙasa sau 6 a 2012. Da ya hau aji ya kara da Callum Smith a New York a 2019, a turmi na uku aka tsayar da wasan. Ƙafa kaɗai ba ta isa ba in haɓa ba ta ɗaukar duka.

Wani zai ce ai a damben gargajiya ƙaramin shago yakan kashe ƙato da hannu ɗaya. Haka ne, amma can turmi uku ne, kisa ɗaya ya gama magana. A turmi 12, nauyin abokin karawa yana cin ƙarfin mutum sannu a hankali, a runguma da turereniya, har ƙafar ta mutu.

Saboda haka matashin da zai yi musu, balle ya zuba kuɗin acaɓarsa a caca, ya bar kallon ƙirji da suna. Ya binciki sau nawa mutumin ya faɗi a ajinsa, kuma ko ya taɓa cin turmi 12 da dabara.