Wasiƙa Zuwa Ga Masu Gyaran Rediyo Na Gyaɗi-Gyaɗi Da Tarauni



Kwanaki wani dattijo ya zaga da rediyonsa Grundig mai bawul tun daga Court Road har Kasuwar Tarauni, kowa na ce masa ta mutu. Bawul ɗaya ne kawai ya gaji a cikinta. Abin ya tsaya mini a rai. Yaranmu duk sun koma gyaran waya a Farm Centre, Allah Ya sa albarka, amma wannan ilimin na bawul da ya faro da Fleming a Ingila a 1904 yana neman kuɓuce mana.

Ku haɗa na'urar gwajin bawul da hannunku. Ba sai kun nemi AVO ta Ingila ba. Ku ciro taransifoma da soket mai ƙafa tara daga matacciyar rediyo, ku sayo mita biyu a Sabon Gari, ku kafa su a kan katako. Bawul irin EL84 yana son volt 6.3 a zaren da ke ɗumama shi. Ku ba farantinsa da ragarsa ta biyu volt 250, ragar farko kuma volt 7.3 ƙasa da sifiri. Lafiyayye zai ja kusan miliam 48. In ya tsaya a rabin haka, ya tsufa. Sannan ku ɗan motsa wutar ragar farko da volt ɗaya, ku ga yadda allura ta amsa. A nan ake gane mai rai, don jan hasken da yake yi in an kunna ba shaida ba ce. Idan tabon nan mai launin azurfa na cikin gilashin ya koma fari fat, iska ta shiga, kada ku wahalar da kanku.

Wutar lantarki tana hawa da sauka, sai ku bi ta sitabilaiza, in ba haka ba mita za ta yi muku ƙarya.

Don Allah ku ji tsoron volt 250. Kondensa tana riƙe wuta ko bayan an kashe, ku zubar da ita ta rasista kafin ku taɓa. Hannu ɗaya a aljihu, takalmin roba a ƙafa, kuma kada a bar almajirin shago shi kaɗai da na'urar.

Har yanzu kamfanin JJ na Sulobakiya yana ƙera sababbin EL84. Ku gwada wa mai kaya tsohon a gabansa kafin ku ce ya sayi sabo.

Wassalam, ɗan'uwanku a sana'a.