Masu Cewa A Kori Fim Ɗin Hausa Daga Gidajenmu, Me Za Ku Ajiye A Gurbinsa?



Wasu daga cikin dattawanmu da 'yan kwamitin tarbiyya sun kawo shawarar ƙungiya ta fitar da takarda, ta yi kira ga kowane magidanci ya hana kallon finafinan Hausa a gidansa. An ɗage maganar zuwa taro mai zuwa. Ni aikina rubuta abin da aka zartar ne, kuma idan aka zartar da wannan zan rubuta, in buga hatimi, in raba. Amma kafin ranar ina so kowa ya san ba na goyon bayanta, kuma ga dalilina.

Ban ce iyayenmu ba su da abin dubawa ba. Akwai rawa da waƙar da ba ta da alaƙa da labari, akwai suturar da ba za ka so ka gani jikin 'yarka ba, akwai kuma abin kunyar da wasu 'yan fim ke yi a TikTok da sunan neman mabiya. Duk na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauko maganin da aka haɗa don Kano a ɗura wa yaron da aka haifa a Agege.

Yaro a Kano ko Katsina ko ka fasa talabijin ɗin gidan, da ya leƙa ƙofar gida Hausa ce za ta tarbe shi, daga mai shayi har liman. Namu fa? Makaranta Turanci, layi Yarbanci da buroka, cikin danfo haka, wajen ɗibar ruwa haka. Uban ya fita Mile 12 ko Alaba Rago tun bayan asuba, ba zai shigo ba sai bayan isha'i, a gajiye, abin da zai ce da yaron bai wuce "ka yi sallah?" ba. Uwar tana fama da girki da wanki da ƙanana. To, wa ke yi wa wannan yaro Hausa ta awa guda cur, da karin magana, da gaisuwar surukai, da yadda ake durƙusa wa babba, da yadda ake jajantawa gidan mutuwa? Mu faɗi gaskiya, a gidaje da yawa akwatin nan da ake so a kashe shi ke yi. Ku gwada yaranku yau da dare: ku tambaye su ma'anar "kara" ko "kawaici". Wanda ya sani, ku tambaye shi inda ya ji.

Sannan a ce an hana. Shi kenan yaran za su koma su rungumi allo? Zee World na nan a dikoda, ba ta cikin takardar. Big Brother Naija na nan, ba ya ciki. Finafinan Koriya da 'yan matanmu ke kwana a kansu cikin bargo da wayar uwarsu, ba wanda ya ambace su. An bar jaki ana dukan taiki. Abin da ya sa aka ga na Hausa kawai, shi ne wanda dattijo ke jin abin da ake faɗa a ciki. Waɗancan kuwa ana ta ɓarna da Turanci, Baba yana wucewa ta falo yana cewa Allah ya yi wa karatu albarka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kuɗin goro. Yawancin masu yanke hukuncin nan ba su taɓa zama sun kalli kashi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba. Guntun bidiyo na minti biyu aka turo musu a WhatsApp, shi kenan an gama shari'a. Su ma masu yabon ba su tsira ba. Ka tambayi mutum me ya gani a shiri kaza, sai ya ce "wallahi akwai darasi". Wane darasi? Sai ya yi shiru. Duk ɓangarorin biyu ba su taimaki magidancin da ke son sanin abin da zai bar wa iyalinsa ba. Don haka bari in faɗi abin da ni na kalla a 'yan watannin nan, da suna, wanda bai yarda ba ya zo da nasa.

Na farko Daɗin Kowa na tashar Arewa24. Na koma tsofaffin kashi-kashinsa, kuma har yanzu ban ga shirin da ya dace da mu mazauna kurmi kamarsa ba. Gari ne na ƙirƙira da Musulmi da Kirista ke zaune tare, ana saye da sayarwa, ana saɓawa ana shiryawa. Ba rayuwarmu ke nan a nan ba? Yaron da maƙwabcinsa Bayarabe ne, abokin ajinsa Inyamuri, yana buƙatar ya ga yadda ake zama da mutane ba tare da an sayar da addini ko an ci mutuncin kowa ba. An taɓo shaye-shaye, an taɓo halin almajirai, an taɓo yaran da aka ja cikin ta'addanci, an taɓo mijin da ya sakar wa mace ragamar ciyar da gida. Kuma babu katafaren gida mai bene ko jerin motoci. Soro ne, da teburin mai shayi, da gidan haya, irin inda muka fito. Ba banza ba shirin ya ci lambar yabo ta AMVCA a 2016 a rukunin Hausa, a nan Legas ɗin aka ba da ita. Duk wanda zai ce mini Kamaye da Adama ne za su lalata masa 'ya'ya, to ya sake duba gidansa, matsalar ba daga nan take ba.

Kwana Casa'in kuwa, wanda ya fara a 2019, na manya ne da samari masu katin zaɓe. Jihar Alfawa babu ita a taswira, amma duk wanda ya ga Gwamna Bawa Maikaɗa, yadda Sani Mu'azu ya hau rawar, ya san ya taɓa ganin irinsa a zahiri. Yadda ake sayen ɗan jarida, yadda asibitin gwamnati ke zama kango, yadda ake amfani da 'yan daba a yar da su bayan zaɓe, duk an baje. Samarinmu da ake kwasa a mota duk lokacin zaɓe a ba su dubu biyu da riga, da za su zauna su kalli zangon farko kawai, da ya fi musu wa'azin da muke yi musu a ofishin ƙungiya suna danna waya.

Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi dariya ce, amma dariya mai ciwo. Attajiri ya yi ta aure yana saki, ya tara 'ya'ya bai san halin da suke ciki ba, ga shi ya tsufa sun taru a kansa kowa idonsa na kan dukiya. Ba sai na kira suna ba, a cikinmu akwai mai mata a gida Arewa, da wata a nan, da wata da ya bari a Shagamu da goyo. Wannan shiri da mu yake. Wataƙila shi ya sa wasu ba sa son sa. Manyan Mata ma na kalli wani ɓangare, ya yi ƙoƙari wajen nuna abin da ke samun mace da yara idan namiji ya yi watsi da su, sai dai wani lokacin jawabi kan yi yawa har ka ɗauka taron ƙara wa juna sani kake.

Yanzu ga inda zan ɓata wa matasanmu rai. Labarina da Izzar So, waɗanda aka fi yayatawa, su ne na fi jin haushinsu. Aminu Saira ya san aikinsa, hoto da sauti ba a magana, kuma Rabi'u Rikadawa a matsayin Baba Ɗan Audu ya isa a cire masa hula. Amma labarin Sumayya an ja shi kamar ƙosai a bakin mara haƙori, 'yan wasa na fita ana sauya su, har mai kallo ya manta inda aka faro. Da aka koma sabon labarin Mainasara, sai ga tsohon zance: mai kuɗi ya ɓoye arzikinsa don ya gwada mace. Wato kullum talaka ce ake gwadawa, shi mai kuɗin ba mai gwada shi. Izzar So kuma ya haura kashi ɗari, Umar Hashim bai taɓa kuskure ba, kowa mugu ne sai shi. Ɗan Adam ba haka yake ba, kuma yaron da ya girma yana ganin nagarta a haka zai ɗauka duk wanda ya saɓa masa maƙiyi ne.

Wannan jan labari yana da dalili, kuma ya kamata mu san shi. Da can fim a kaset ko faifan CD ake sayar da shi, kashi ɗaya da biyu an gama. Satar fasaha da masu tura fim a waya suka kashe wannan kasuwa. Sai aka koma YouTube, inda kuɗi ke shigowa gwargwadon yawan masu kallo da tallan da aka saka. Duk mako sai an saki sabon kashi, ko akwai labari ko babu. Shi ya sa za ka ga an kwashe minti goma ana gaisawa a falo, ko mota na fita daga gida ana nuna mana maigadi na buɗe ƙofa har ya rufe. Datarmu ce ke biyan wannan. Idan muka daina bin shirin da ya koma tauna ruwa, muka koma ga mai ma'ana, su da kansu za su gyara, don kasuwa suke bi. Hani na bai ɗaya ba ya koya musu komai, illa dai su san mutanen Legas sun fita daga lissafi.

In da takardar ta ce a sa ido kan finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa, da na ɗaga hannu biyu. Nan ne ake zuba ashar da baƙar magana irin ta tasha, ga sara da suka, kuma su ne ƙanananmu suka fi haddacewa. Yaro bai iya gaida kakarsa a waya ba amma ya iya kirarin ɗan daba. Wannan kam a raba su da shi.

Akwai kuma abin da mu da ke zaune cikin wasu ƙabilu ya kamata mu fi kowa ganewa. Ku dubi maƙwabtanmu. Kunle Afolayan ya yi Anikulapo a 2022, Femi Adebayo ya yi Jagun Jagun a 2023, da Yarbanci tsantsa, duniya ta kalla a Netflix, 'ya'yansu na alfahari. Funke Akindele ta yi A Tribe Called Judah ya tara sama da naira biliyan ɗaya a gidajen sinima. Mu kuma a yawancin finafinan kudu wane ne Bahaushe? Maigadi ne da rediyo a kunne, ana kiransa aboki, yana kwaɓa Turanci ana dariya. 'Ya'yanmu na kallo, abokan ajinsu na kallo, washegari a makaranta a kira su da sunan. Ba kasafai ake samun irin Lionheart na Genevieve Nnaji ba, inda aka nuna Alhaji ɗan kasuwa mai mutunci da dattako. Ko tarihinmu in ba mu yi ba wani zai yi mana: fim ɗin Amina da ya fito a 2021, Sarauniyar Zazzau ce guda take magana da Turanci, kuma duk wanda ya san Zariya ya ga abubuwan da ba su yi kama da mu ba. Muka yi ta ƙorafi. To da wane bakin? A 2016 da gwamnatin tarayya ta so gina alƙaryar fim a Kano, mu ne muka taso har aka janye. Ban ce duk masu adawar ba su da hujja ba, amma ba a ajiye komai a madadinta ba, kamar dai yadda wannan takarda tamu ba ta ajiye komai ba. Duk da haka a 2024 Mai Martaba, fim ɗin Hausa da aka ɗauka a Daura, shi Najeriya ta tura gasar Oscar. Bai kai ga zagayen ƙarshe ba, amma a wannan shekarar harshenmu ne ya wakilci ƙasar nan kaf. Mutum nawa ne a cikinmu suka nemi su kalla?

Wani zai ce ai ko a Kano hukumar tace finafinai ta dakatar da shirye-shirye 22 a watan Mayun 2025, har da Labarina da Daɗin Kowa. Haka ne. Amma a duba dalilin: rashin kai su a tace kafin a saki ne, ba wai an ce fim ɗin Hausa ya haramta ba. Hukumar da aka kafa tun 2001 aikinta ta kalla, ta ce cire nan, bar nan. Ko a cibiyar abin ke nan, tacewa ake yi. Mu da ba mu da hukuma a nan, uba da uwa su ne hukumar, kuma ba a tace abin da ba a kalla ba. Ka zauna da iyalinka ko sau ɗaya a mako in an kawo wuta, ka ga abin da suke gani, inda aka yi ba daidai ba ka ce wannan ba halinmu ba ne, inda yaro bai gane wata kalma ba ka fassara masa.

Abin da zan nema a taro shi ne a sauya takardar. Duk mai son a hana wani shiri ya kawo sunansa, da kashi na nawa, da abin da ya gani da idonsa. Duk mai son a yaba wani shi ma haka. Sai kwamitin tarbiyya, da iyaye mata a ciki tunda su ne ke gida da yaran, su fitar da jerin abin da ya dace da ƙanana, da na samari, da wanda za a guje wa. Ni na fara da nawa a sama.

Sannan ina cigiya. Duk wanda ke da Shaihu Umar, fim ɗin da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko tsofaffin wasannin marigayi Ƙasimu Yero da na Samanja masu kyawun hoto, don Allah ya kawo ofis ranar Lahadi bayan la'asar mu kwafa. Akwai iyayen da suka tambaye ni.

Wassalam.
Sakatare