Mitsubishi Estate: Ciniki Biyu Masu Tsada, Sakamako Biyu Daban

A duk lokacin da aka ambaci kamfanin gine-gine na Mitsubishi Estate na ƙasar Japan, abin da ke fara zuwa bakin masu sharhi shi ne asarar da ya tafka a birnin New York. Akan ce ya sayi Rockefeller Center da tsada, shi ya sa ya kwana ciki. Wannan bayani bai cika ba, domin cinikin da ya kafa arzikin kamfanin shi ma da tsada aka yi shi.

A shekarar 1890 gwamnatin Japan ta sa wani makeken fili na soja a kasuwa, a unguwar Marunouchi da ke daura da fadar sarki a birnin Tokyo. Farashin da ta yanka ya haura abin da ake sayar da filaye a kewayen, saboda haka attajirai suka noƙe. Iwasaki Yanosuke, shugaban gidan Mitsubishi na biyu, shi ne ya karɓa a kan yen miliyan 1 da dubu 280. Wurin ya daɗe yana fayau, ciyawa ta rufe shi, har mutanen birni suka laƙaba masa suna dajin Mitsubishi. Ana ba da labarin cewa da aka tambayi Iwasaki abin da zai yi da filin, sai ya amsa cikin raha cewa zai shuka gora ya yi kiwon damisa.

Bai yi kiwon damisa ba. A 1894 aka kammala ginin ofis na farko da jan bulo, wanda Josiah Conder ɗan ƙasar Ingila ya zana, wasu suka biyo baya har aka riƙa kwatanta layin da birnin Landan. Amma sai a 1914, da aka buɗe babbar tashar jirgin ƙasa ta Tokyo a bakin unguwar, darajar wurin ta fito fili. Shekara 24 ke nan ana jira. A 1937 aka ware sashen gine-ginen ya zama kamfani mai cin gashin kansa, kuma har yau hayar ofisoshin Marunouchi ce ƙashin bayansa.

Cinikin New York ya zo ne a wani yanayi daban. Bayan yarjejeniyar Plaza ta 1985 darajar yen ta yi tashin gwauron zabi a kan dala, kuɗin ruwa ya sauka a Japan, farashin filaye ya hau sama, bankuna na neman wanda za su ba rance. A watan Oktoba na 1989 kamfanin ya sayi kashi 51 cikin 100 na Rockefeller Group a kan dala miliyan 846, daga baya ya ƙara zuwa kashi 80, jimillar kuɗin ta kai kimanin dala biliyan 1.4. Amurkawa da dama sun yi ta ƙorafi cewa Japan na saye masu ƙasa. Ba a jima ba ƙorafin ya zama dariya.

Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya duba a nan shi ne nauyin da ke kan kayan da aka saya. Tun a 1985 an jinginar da gine-ginen a kan bashin dala biliyan 1.3. Lissafin mai saye ya dogara ne a kan cewa kuɗin haya zai ci gaba da hawa har ya ɗauki nauyin bashin. Sai kasuwar ofisoshi ta New York ta faɗi a farkon shekarun 1990, masu haya suka sami damar yin tayi, abin da ke shigowa ya kasa biyan masu bin bashi. Kamfanin ya riƙa cike giɓin daga aljihunsa da ɗaruruwan miliyoyin daloli, a daidai lokacin da farashin filaye ke rushewa a gida. A watan Mayu na 1995 aka nemi kariyar kotu daga masu bin bashi, kafin ƙarshen shekarar kuma ya sakar masu mafi yawan gine-ginen.

Filin Marunouchi bai zo da jinginar kowa a kansa ba, kuma mai shi gida ne na iyali wanda ke da masana'antar ƙera jiragen ruwa da ma'adinai da ke ciyar da shi yayin da ciyawa ke girma. Rockefeller Center kuwa ya zo da ranar biya. Wurin bai lalace ba, shaida ita ce a shekarar 2000 an amince a sayar da shi a kan dala biliyan 1.85 ga kamfanin Tishman Speyer da iyalan Crown na Chicago. Wanda ya saya a 1989 ne bai iya zama har kasuwa ta farfaɗo ba.

Akwai masu ganin cewa janyewar abin kunya ce ga gida mai suna irin na Mitsubishi, kuma da ya daure shekara biyar da ya ga haske. Faɗa da baki ya fi sauƙi ga wanda ba shi ke biya ba. Shugabannin kamfanin sun zaɓi su daina zuba kuɗi domin kare suna, kuma sun yi daidai. Ba su ma fice daga Amurka ba: sun riƙe Rockefeller Group, sun mallake shi baki ɗaya a 1997, tare da dogayen gine-gine biyu a titin Avenue of the Americas. Ƙarfin da ya rage sun mayar da shi gida, inda suka rushe tsohon ginin Marunouchi na 1923 suka buɗe sabo a 2002. Ginin jan bulo na 1894, wanda aka rushe a 1968, an sake gina shi bisa zanensa na asali, aka buɗe shi a matsayin gidan adana zane-zane a 2010.