Arhar Waya Da Lissafin Da Ke Tona Asirinta

A shekarar 1827 wani malamin makaranta Bajamushe mai suna Georg Ohm ya wallafa littafi a kan yadda wutar lantarki ke bin waya. Masana na ƙasarsa ba su karɓe shi hannu bibbiyu ba, sai a 1841 ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila ta karrama shi da lambar yabo. Dokar da ya fitar ta zama darasin ajin sakandare, ɗalibai su haddace ta, su rubuta jarrabawa, su manta. Wannan mantuwa tana da tsada, domin dokar ce ke hukunta ko wayar da ke cikin silin gida za ta zauna lafiya ko za ta narke.

Abubuwa uku ne ke cikinta. Akwai matsin da ke tura wutar, wanda ake aunawa da bolt. Akwai yawan wutar da ke gudana, wanda ake aunawa da amfiya. Akwai kuma turjiyar da waya ko na'ura ke yi wa gudanar, ita kuma da om ake auna ta. Lissafi na farko shi ne a raba bolt da amfiya, a sami turjiya. Na biyu shi ne a ninka bolt da amfiya, a sami ƙarfin da na'ura ke ci, wato wat.

Butar lantarki mai wat 2,000 ta isa misali. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, don haka butar tana jan amfiya kusan 8.7, turjiyarta kuma om 26 da ɗoriya. Fulogi mai ƙafa uku da ake amfani da shi a ƙasar, irin na Ingila, iyakarsa amfiya 13, wato wat 2,990. Wanda ya jona wannan buta da dutsen guga mai wat 1,200 a kan ekstenshin ɗaya ya kai wat 3,200, ya haye iyaka. Idan wutar ta haye iyakar sosai, fis ɗin da ke cikin fulogin zai tsinke, kuma aikinsa ke nan. Mai cire shi ya ɗaura zaren waya a madadinsa ya kori maigadi ne ya bar ƙofa a buɗe.

Inda al'amarin ya fi tsanani shi ne wutar sola, wadda ta bazu a gidaje da shaguna saboda ƙarancin wutar gwamnati. Mutane da yawa suna ganin batir mai bolt 12 ba abin tsoro ba ne, tunda ba ya jan mutum. Lissafin ya nuna wani hatsari dabam. Inbatar da ke ba da wat 1,200 daga batir mai bolt 12 tana jan aƙalla amfiya 100. Idan aka haɗa lissafin nan biyu, zafin da waya ke haifarwa shi ne a ninka amfiya da kanta, sannan a ninka da turjiya, kamar yadda James Joule ya tabbatar a Ingila wajen 1840. Wayar jan ƙarfe mai lamba 2.5, irin ta soket, tsawon mita 10 nata yana da turjiyar om 0.07. A ƙarƙashin butar nan wat 5 kawai take zubarwa, da ƙyar hannu zai ji ɗuminta. A ƙarƙashin amfiya 100 kuwa wat 700 ne ke zama zafi a cikin robar da ta lulluɓe ta. Waya ɗaya ce, amma ta koma hita a ɓoye.

Daga nan ake gane dalilin da ya sa ƙwararru ke fifita tsarin bolt 48 ga manyan gidaje. Wat 1,200 ɗin nan amfiya 25 kawai yake buƙata, wutar ta ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, zafin kuma ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin goma sha shida. Dalilin nan ne ya sa wutar da ke tasowa daga madatsar Shiroro zuwa Kaduna da Kano take tafiya a kan bolt 330,000, sai taransifoma ta yi ta sauke ta mataki-mataki kafin ta shiga gida.

Wani zai ce wannan aikin mai gyaran wuta ne, maigida ba ruwansa. Gaskiya ne cewa haɗa wuta sana'a ce, kuma lissafi biyu ba sa mai da mutum gwani. Na'urori masu inji, kamar firij da famfon burtsatse, suna da nasu ƙarin lissafin. Sai dai maigida ne ke riƙe da aljihu. Shi ne ke cewa a rage kuɗin kaya, kuma waya ce ta fi saurin shan ragin, domin tana shigewa bango ba mai sake ganinta. Mai gyaran da ya dage a kan waya mai kauri sau da yawa yakan rasa aikin, a ba wanda ya yi arha. Muddin mai biya bai san abin da amfiya 100 ke yi wa siririyar waya ba, kasuwa za ta ci gaba da hukunta mai gaskiya.

Saboda haka ya kamata a fitar da wannan darasi daga takardar jarrabawa a kai shi inda ake sayen kaya. Kowace na'ura tana ɗauke da rubutun wat ɗinta a jiki. Mai saye ya raba wannan lamba da bolt ɗin da zai yi aiki da shi, ya san amfiyar, sannan ya tambayi mai gyara ko wayar da fis ɗin za su ɗauka. Lissafin bai fi minti ɗaya ba, kuma ya fi kuɗin sake rufin ɗaki sauƙi nesa ba kusa ba.