Gabar da Aka Gada a Dallas

Wasan talabijin na Amurka, Dallas, wanda tashar CBS ta nuna daga 1978 zuwa 1991, tushen rigimarsa amana ce. Jock Ewing da Digger Barnes sun fara haƙar man fetur tare a Teksas. Digger ke gano inda man yake, amma Jock ya rubuta takardun mallaka da sunansa shi kaɗai, yana cewa tsare rabon abokinsa yake daga giya da caca. Ni wannan uzuri bai gamsar da ni ba. In za ka adana wa abokin ciniki dukiyarsa, ka sanar da shi, ka kafa shaidu. Rashin haka ne ya gadar wa 'ya'yansu, J.R. da Cliff, gaba ta tsawon rayuwa.