Daga majemun Kano zuwa fadamar Haɗeja: a ina ya dace a girka matatar zamani?

Ruwan da manomin Auyo yake shayar da shinkafarsa, da wanda masuncin Haɗeja yake jefa taru a ciki, tafiyayye ne. Kogin Kano da na Chalawa suna haɗuwa a wajen Tamburawa, su gangara ta Wudil da Ringim su iso Haɗeja, daga nan ruwan ya bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru kafin ya wuce Gashuwa ya nufi Tafkin Chadi. A bakin Kogin Chalawa kuwa akwai unguwannin masana'antu na Chalawa da Sharaɗa, inda manyan majemun Kano suke. Abin da aka zubar a can, mutanen ƙasan kogi ne suke gadonsa. Shi ya sa binciken da ake yi a duniya kan sababbin matatun ruwa ya shafi Haɗeja kai tsaye, ko da yake a ɗakunan gwaji na nesa ake yin sa.

Dauɗar da ke cikin wannan ruwa iri biyu ce, kuma maganinsu ya bambanta. Ta farko ita ce laka da ƙwayoyin cuta, waɗanda ambaliya irin ta 2022 take kwasowa daga masai da bola ta zuba cikin rijiyoyi. Ita ce take haddasa amai da gudawa. A annobar kwalara ta 2021, wadda aka yi zargin ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, Jigawa tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. Maganin wannan sananne ne: alif, da tacewa ta yashi, da sinadarin kulorin, da tafasawa. Ta biyu ita ce wadda ta narke cikin ruwa har ido ba ya ganinta: gishiri, da ragowar maganin feshi na gonaki, da ƙarafa masu guba. Tafasawa ba ta kawar da ƙarfe daga ruwa, sai ma ta ƙara tattara shi.

Majeman da suna jima da bagaruwa. Majemun zamani kuwa da gishirin kuromiyam suke yi, domin ya fi sauri. Sai dai fata ba ta shanye shi duka. A jimar da aka saba, kusan kashi ɗaya cikin uku yana saura a ruwan da za a zubar, tare da gishiri da farar ƙasa da sinadarin cire gashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada kuromiyam ya wuce miligiram 0.05 a kowace litar ruwan sha. Raba irin wannan narkakkiyar dauɗa da ruwa shi ne aikin tantanin tacewa.

Tantanin wani siririn mayafi ne na roba, mai ƙofofi ƙanana ƙwarai, wanda ake tura ruwa ta cikinsa da ƙarfin famfo: ruwa ya wuce, gishiri ya tsaya. Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan ne suka samar da na farko mai amfani a Jami'ar Kalifoniya wajen 1960, kuma jikokinsa ne suke cikin dogayen bututun da ake gani a yawancin masana'antun ruwan leda. Duk mai wannan sana'a ya san cutarsa biyu. Yana cin wuta, domin sai da matsi mai ƙarfi ruwa yake ratsa shi. Kuma yana toshewa, domin laka da maiƙo da ƙwayoyin cuta suna manne masa har a dole a wanke shi da sinadari ko a sayi sabo, a farashin da yake bin dala.

Nan ne kabon, wato sinadarin da gawayi da bakin fensir suka ƙunsa, ya shigo. A 1991 Sumio Iijima na Japan ya bayyana wasu siraran bututun kabon da ake auna faɗinsu da nanomita. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. A 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov na Jami'ar Mancesta suka ɓantaro girafin daga irin baƙin da ke cikin fensir, shimfiɗa mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya tak, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2010. A 2012 Rahul Nair da abokan aikinsa a wannan jami'a suka nuna cewa mayafin girafin da aka haɗa da iskar oksijin yana tare har iskar hiliyam, amma tururin ruwa yana ratsa shi cikin sauƙi. Tun daga nan masana suke cuɗa ɗan kaɗan na waɗannan abubuwa cikin robar tantani. Fuskar tantanin sai ta riƙa jan ruwa tana ƙin maiƙo, ruwa ya ƙara gudu, toshewa ta ragu. Da wannan dabara ake gwada raba ruwa da gishiri, da mai, da rini, har da sinadarin etanol.

Amma tsakanin ɗakin gwaji da bakin kogi akwai tafiya. Ƙwayoyin kabon sukan dunƙule wuri guda su bar kafar da dauɗa za ta bi. Girafin mai oksijin yana kumbura idan ya jiƙa, ƙofofinsa su buɗe. A 2017 masanan Mancesta sun rage wannan kumburi har tantaninsu ya tare kashi 97 cikin 100 na gishiri, alhali na kasuwa da aka saba da shi yana tare fiye da kashi 99. Yawancin sakamakon da ake yayatawa kuma a kan ƙyalle mai faɗin tafin hannu aka same shi, da ruwan da aka haɗa a kwalba. Ruwan Haɗeja na watan Agusta, ja wur da laka, jarrabawa ce ta daban.

Akwai kuma wata gaskiya da masu tallar na'ura ba sa son faɗa. Tantani ba ya halaka dauɗa. Raba ruwa biyu yake yi: tsarkakakke gefe guda, gurɓataccen da dauɗarsa ta ninku a ɗaya gefen. Idan a Haɗeja aka girka shi, dole a tura ruwa mai ɗimbin yawa domin a kamo ɗan ƙarfen da ya riga ya watsu cikin kogi, sannan ragowar ta koma kwata, daga kwata ta koma fadama. Kifin da ake kyafawa a kai kasuwanni, da shinkafa da tumatir da shanun da ke shan ruwan, babu abin da matatar gida za ta tsinana musu. Idan kuwa a bakin bututun majema aka girka shi, ruwan kaɗan ne, kuromiyam ɗin a tattare yake, ragowar da tantani ya tare kuma haja ce: gishirin jima ne da mai masana'anta ya saya da kuɗin waje, wanda zai iya mayarwa cikin gangar jima. Tun kafin zuwan girafin an san hanyar kwantar da kuromiyam da sinadari a sake amfani da shi. Abin da sabon tantani zai iya ƙarawa shi ne rage kuɗin wuta da na wanki, har tsaftace ruwa ya daina zama asara a lissafin ɗan kasuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wannan ya sa batun ya wuce ikon jiha ɗaya. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda take kula da madatsar Tiga ta 1974 da ta Chalawa ta 1992, ita take sarrafa yawan ruwan da ke gangarowa. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ita ke da alhakin tilasta bin ƙa'idojin zubar da ruwan masana'antu. Ya kamata su da ma'aikatun muhalli na Kano da Jigawa su riƙa auna ruwan a Tamburawa da Wudil da Ringim da Haɗeja, rani da damina, su buga alƙaluman kowa ya gani. Jami'ar Bayero, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa suna iya gwada waɗannan tantanai da ainihin ruwan majema na tsawon watanni, su faɗi kwana nawa suke yi kafin su toshe.

Mai masana'antar ruwan leda ko jami'in sayen kayan gwamnati da dillali ya zo masa da na'ura mai tambarin girafin, tambayoyi huɗu sun ishe shi: da wane ruwa aka gwada ta, wutar nawa take ci a kan kowace lita 1,000, a ina ake samun tantanin canji, kuma ina za a zuba ragowar? Garuruwan fadama abin da suke buƙata yau shi ne rijiyoyin burtsatse da aka ɗaga bakinsu sama da ambaliya, da kulorin da ba ya yankewa. Matatar da za ta kare kogin kanta, wurinta yana Sharaɗa da Chalawa.